Yaron da Bai Ga Rana Ba

"Ke, zauna mana! Kina sa ni jiri!" na ce wa matar ɗana.

Ina! Daga hitar ɗumama ɗaki zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa hita, jikana a kafaɗarta. Yaran da aka haifa bayansa na gudu, shi in ya miƙe sai kuka, ƙafafu sun lanƙwashe kamar baka. Ban daɗe da zuwa ƙasar sanyin da suke neman abinci ba, amma ido gare ni.

Waya ta yi ƙara. Babbar 'yata ce daga gida, ɗana ya sa ta a sifika kowa ya ji.

"Auta, mu danginmu babu ƙafar baka! Jinin dangin matarka ne. Ka turo mana yaron, ita kuwa ka sallame ta!"

Ya sunkuyar da kai. Yarinya ta fashe da kuka.

"Masoyi, ka yi magana mana! Yaya ce ta ce kar sanyi ya taɓa shi. Tun da na haife shi ban fitar da shi ba sai a naɗe, ko labule ban ɗagawa."

Na dube shi. Ban haifi rago ba, don haka na zuba ido in gani. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa.

"Yaya, ki yi haƙuri. Matata ba inda za ta." Ya kashe wayar. "Ɗauko masa jaket, asibiti za mu."

Na bi su. Likita ta lallatsa ƙafafun, aka ɗebi jini, ta yi ta turancinta.

"Me take cewa?"

"Inna, wai rana ce bai samu ba, shi ya sa ƙashinsa ya yi laushi. Za a riƙa ɗiga masa bitamin."

"Rana? Wadda muke ɓoye jarirai saboda ita?"

Ashe a nan nemanta ake yi, ba ta ma isa sai an haɗa da magani.

Tun daga nan kullum ni ke tsaye kan ɗigon nan, da rana ta leƙo kuma in kora su waje. Ran da ya tako daga benci ya faɗa jikin uwarsa, ɗana ya kira gida da bidiyo.

"Sannu da ƙoƙari, ƙanwata," in ji 'yata, murya ƙasa-ƙasa.

Ku ji ni, yara: dabarar gida ba ta yi wa kowace ƙasa. Ciwon yaro likita ake kai wa, ba a ɗora wa uwarsa. Matar ɗana ta yi haƙuri, ga ɗanta a tsaye, ga mijinta a gefenta.