Tunkiyar Rashida a Lasifika

"Ka hwaɗi sunana, Abdoul Aziz? A lasifika? Ranar kasuwa?"

Rashida ta tsaya a bakin tafki tana huci, mayafi na zamewa daga kafaɗarta.

"Masoyiya, alkawali ne na yi wa mutane..."

"Ni kuma alkawalin mi ka yi mani? Tona asiri?"

Abdoul Aziz malamin lakwal ne, wato makarantar boko, wanda ya yi ta zarya har aka gyara famfunan unguwa. Da ya fito takarar konseye, wato kansila, sai ya rantse duk abin da aka ba shi na kamfe, ko kwano ɗaya na hatsi ne, sanƙira zai faɗa a kasuwar Madarumfa. Rashida, da so ya rufe mata ido, ta kai masa tunkiyarta a ɓoye.

Shi ke nan, sanƙira Mahaman ya wage baki: "Rashida ɗiyar Alhaji Lawali, tunkiya guda, mai ciki!"

Alhaji Lawali, babban ɗan kasuwar wake, yana zaune kusa da Ɗan Baba, abokin hamayyar Abdoul Aziz a zaɓe da kuma wajen Rashida. Ɗan Baba kuwa buhunan shinkafarsa ba a san uwarsu ba balle ubansu.

"Ba ni ba da ɗiyata ga mutumin da bakinshi bai da marfi!" in ji Alhaji da ya koma gida.

Rashida ta yi kuka har idonta ya kumbura. Tana son gaskiyar Abdoul Aziz, amma ba ta taɓa zaton za ta faɗo a kanta ba.

To, Alhaji ɗan kasuwa ne, ba ya zuba wakensa a rumbu ɗaya. Ganin jama'a na karkata wajen Abdoul Aziz, sai ya aika masa buhu biyu na wake, da saƙon kada kowa ya ji.

Washegari da hantsi amalanken jaki ya tsaya ƙofar gidan Alhaji, rabin unguwa na biye.

"Baba," in ji Abdoul Aziz yana durƙushe, "kun ce kada a hwaɗa, ni kuwa ba ni riƙe abin da ba a hwaɗa ba. Ga wakenku na maido."

Aka fashe da dariya. Ɗan Baba, da ke zaune gefen Alhaji, ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"Ashe da ni da shi duka kake ci, Alhaji? Na janye, da ƙuri'ar da ɗiyar!"

Alhaji ya share gumi, ya dubi yaron.

"Kai ko tsoro ba ka ji?"

"Ina ji, Baba. Ina son Rashida kamar raina. Amma in na ɓoye wake yau, gobe mi zan ɓoye mata?"

Bayan labule, zuciyar Rashida ta narke.

"Ɗauki wakenka, a hwaɗa!" in ji Alhaji. "Uku ma, kada a ce na yi rowa. Sannan ka turo magabatanka."

Abdoul Aziz ya ci kujerarsa, aka ɗaura aure bayan girbi.

Da amarya ta tare, ta nuna shi da yatsa.

"Akwai maganar da nike so in hwaɗa maka, amma wallahi in ta kai kunnen Mahaman..."

Ya yi murmushi, ya tura ƙyaure.

"Wannan ba ta cikin kamfe, gimbiyata."