Jakin da Ba a Sauke wa Kaya

Kiran ƙarshe ya shigo gab da magariba, bayan Uwar Marayu ta riga ta cire safar hannu. Sunan da 'yan unguwa suka laƙaba mata ke nan, saboda kwaso dabbobin da aka yasar da take yi ita da ƙaninta, don Allah kawai. Tun asuba suke yawo. Sun ciro 'yan kyanwa uku daga kwalbati, sun isa wurin wata akuya bayan ta riga ta mutu. Ita kuwa Uwar Marayu, jikinta kamar an daka a turmi don gajiya.

"Yaya, mu bari sai gobe mana," in ji ƙanin, yana hamma a kan sitiyari.

"Jaki ne, an ce ya kusa. Ba lallai ya ga goben ba. Ja mu je."

Tsohon gidan bulo ne a ƙarshen layi, injin ya yi tsatsa, ciyawa ta cinye tsakar gidan. Warin gyambo ne ya tarbe su tun daga ƙofa. Jakin na tsaye a rumfa, haƙarƙari duk a waje, gadon bayansa ya saɓule jawur, sabon ciwo a kan tsoho. Mai shi, wani dattijo, na zaune a gefe da carbi.

"Haba Baba! Dabba a wannan hali kake ɗora wa yashi?"

"'Yata, rabona da ɗora masa mangala shekara biyu." Ya rage murya. "Ni na kira ku. In rana ta faɗi masu aiki da shi ke zuwa. Ku hanzarta."

Ta sha jin ƙarya iri-iri daga bakin masu dabbobi, yau kuma ba ta da ƙarfin musu. Ta tura ƙaninta ya juyo da motar bakin ƙofa, ta kwance igiyar, ta fara jan jakin a hankali.

Taku goma suka yi rana ta faɗi.

Ƙudajen da ke kan ciwon suka tashi gaba ɗaya. Gyare ya yi shiru. A bayanta ta ji dattijon ya shige ɗaki ya danna sakata.

Sai warin jiƙaƙƙen yashi, irin na ƙasan rijiya.

Sai kukan igiya ana ɗaure kaya. Ƙiiƙ. Ƙiiƙ.

A gaban idonta bayan jakin ya lotsa. Babu komai a kansa, amma kofatansa suka nutse cikin ƙasa, jini ya tsatso daga ciwon.

"Sake shi," aka raɗa daf da kunnenta. Numfashin sanyi ƙalau. "Ba mu gama kwasa ba."

Ta nemi addu'a, harshe ya ƙi ɗaguwa. Gwiwoyin jakin na rawa. Bai yi kuka ba, ya dai sunkuyar da kai kamar wanda ya saba.

Wannan ne ya buɗe mata baki.

"Ku sauke masa. Don Allah. Ya gaji."

"To wa zai ɗauka?"

"Ko ma wane ne. Ban da shi."

Jakin ya miƙe.

Nauyin ya faɗo mata a kafaɗa.

Ta zube kan gwiwa. Ƙashin bayanta ya yi ƙara. Yashi a bakinta, yashi a hancinta. Ta ja ciki tana laluben ƙofa, wani abu na ƙara matse igiya a ƙirjinta.

Fitilar mota ta hasko ta. Ƙaninta ya yi salati, ya kama hannayenta, ya ja ta waje da kyar kamar mai jan buhu uku. Jakin kuwa da kansa ya taka katakon da ƙanin ya jingina ya hau motar.

Cikin wata biyu ciwonsa ya warke, gashi ya fito, har ya koyi birgima a ƙasa. Ita kuwa asibiti sun duba ba su ga komai ba, an yi addu'o'i an ɗan samu sauƙi. Amma kullum rana ta faɗi sai ta duƙe, ta dafa bango, shatin igiya ya fito mata a kafaɗu, nauyin ba ya sakinta sai bayan isha'i.

Wata magariba ƙanin ya same ta a haka, gumi na zuba.

"Yaya, mu mayar musu da jakinsu. Dabba ce fa."

Ta ɗago kai da kyar, ta kalli jakin yana cin dusarsa.

"Bar shi ya ci abincinsa," ta ce. "Ni ai ina da bakin cewa na gaji."