Tikiti Na Huɗu

Dutsen farko ya faɗo ne da almuru, kwana uku bayan sun dawo daga tafiya. Mai Gilashi yana tsakar gida yana wanke hannu, babbar 'yarsa tana kwashe shanya, Auta kuma tana zaune a dokin ƙofa tana fama da igiyar takalmi. Sai suka ji ƙwal a kan kwano. Dutsen ya gangaro a hankali, ya dire gaban uban. Ya ɗauka ya jujjuya shi. Baƙi ne, mai kaifin baki, yana warin man inji, irin wanda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin layin dogo. Alhali daga gidan zuwa tasha tafiyar awa guda ce a mota.

"Yaran maƙwabta ne," in ji shi.

Amma maƙwabtan nasu tsofaffi ne biyu da ko jika ba su da shi a gida.

Washegari a daidai wannan lokacin duwatsu uku suka faɗo. Rana ta uku tagar ɗakin yaran ta tarwatse. Mutumin da ya shekara ashirin yana sa wa jama'a gilashi, sai ga shi yana toshe tagar gidansa da kwali. Da ya durƙusa zai share ɓaraguzan, ya ga duk a waje suka zube. Ya san sana'arsa sarai, ya san gilashi ba ya zubewa waje sai in daga ciki aka jefe shi. Bai gaya wa kowa ba.

Daga nan sai sauti. Da rana ta yi ja, gidan yakan yi tsit har a ji numfashin juna, sannan can ƙasa-ƙasa a ji kukan jirgi, kofuna su fara karkarwa a kan kanta. Ana cikin haka babbar, wadda Auta ke kira Yaya, ta fara canjawa. Yarinya ce mai shekara goma sha shida, mai tsiwa da dariya, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar uwarsu. Yanzu da yamma ta yi sai ta jawo kujera gaban taga, ta ɗora jaka a cinya, ta zauna tana rangaji gaba da baya, idonta a buɗe ba ya ƙiftawa. Ta daina cin abinci. A asibiti an yi awo iri-iri, ba a ga komai ba. Cikin sati biyu awarwaron hannunta ya fara zamewa yana faɗuwa da kansa.

Tsoro ya kama Mai Gilashi, tsoro na gaske, don ya taɓa ganin mutum yana ramewa haka a gidan nan, ya kuma san inda abin ya ƙare. Ya je ya ɗauko Malam.

Malam tsoho ne mai ƙarancin magana. Bai fara da karatu ba. Ya zauna ya daɗe yana kallon yarinyar, ya sunsuna dutsen, sannan ya juyo.

"Ku nawa kuka yi tafiyar nan?"

"Mu uku, Malam."

"Ku nawa kuka dawo?"

Mai Gilashi ya kwashe labarin ya gaya masa. Ga abin da ya faru. Tikitin jirgi yanzu a waya ake saya, kuma manhajar tana ajiye sunayen waɗanda mutum ya saba tafiya da su. Sunan matarsa yana ciki. Wata bakwai da rasuwarta, ya kasa goge shi. Ranar dawowa yana sauri, ya danna duka sunayen, tikiti huɗu suka fito. Kowane fasinja da tasa lambar a allon wayar, sai mai wayar ya tsaya a bakin shinge yana nuna wa na'ura ɗaya bayan ɗaya, ƙofa tana buɗewa mutum ɗaya yana wucewa. Mai duba tikiti ya leƙa ya ce, huɗu yake gani a waya, uku a gabansa, ina ta huɗun? Auta tana riƙe da hannun ubanta ta ɗago kai tana kallonsa, ita da ya gaya wa cewa Mama tafiya ta yi. Sai uban ya ce, "Tana tare da mu." Ya nuna lamba ta huɗu. Ƙofar ta buɗe, ta ɗan jima a buɗe, ta rufe.

Malam ya sauke numfashi. "Wa ya zauna kusa da kujerar da ba kowa?"

Mai Gilashi ya nuna babbar 'yarsa.

Aka sa Auta a ɗaya ɗakin aka jawo ƙofa. Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Malam ya fara karatu, a hankali, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Duwatsu suka fara zuba a kan kwano kamar ƙanƙara. Rangajin yarinyar ya ƙaru, ƙafafun kujerar suna bugun siminti, sai kuma ta tsaya cak. Ta juyo da kai. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, busasshiya.

"Dakata haka, tsoho. Kana ƙona ni a banza. Ni ban haura katanga ba."

"Wace ce ke?"

"Mazauniyar tasha. Tun kafin a sa shingen nan nake zaune a bakin dandamali, ina kallon masu tafiya. Ba wanda ya taɓa cewa in zo. Wannan ya saya mini kujera, ya buɗe mini ƙofa, ya ce ina tare da su. A gaban shaida ya faɗa."

"Ba ke ya nufa ba."

"Wadda ya nufa ba ta zo ba. Ni na zo."

Malam ya ce ta bar yarinyar, ko ya ci gaba da karatu har ta zama toka. Aljanar ta yi wata guntuwar dariya, ta ce jikin yarinyar ba zai kai ƙarshen karatun ba, shi ma ya sani. Sai ta mai da idon kan uban, kuma da ta sake buɗe baki, muryar ta canja. Taushi gare ta, da ɗan dishi-dishi a ƙarshe.

"Baban yara, ka dawo? Ka ci abinci kuwa?"

Mai Gilashi ya matsa kusa da ita. Muryar matarsa ce, ba ragi ba ƙari. Kewarta ta taso masa har ya ji kamar ƙirjinsa zai tsage.

"Ka bar ni in zauna," in ji muryar. "Kullum da yamma sai mu yi hira."

"Ba ita ba ce," Malam ya ce, bai ko ɗaga murya ba. "Dubi hannun 'yarka."

Ya duba. Hannun ya koma ƙashi da fata, yana rawa a kan jakar, farcen ya yi shuɗi. Ya share fuska da hannun riga, ya tambayi abin da za a yi ta tafi.

Tsohuwar muryar ta dawo, da fushi a cikinta. "Wanda ya buɗe shi zai rufe. Ya cire sunan. Ya kuma faɗi gaskiya da bakinsa, a gaban wadda ya yi ƙaryar dominta. Zan tafi. Irinsa ba sa yankewa a tasha."

Mai Gilashi ya fito da wayar. Ya nemo jerin fasinjoji. Manhajar ta tambaye shi ko ya tabbata zai goge wannan suna, ya danna. Sannan ya je ya buɗe ƙofar ɗayan ɗakin, ya kamo hannun Auta, ya durƙusa har fuskarsa ta zo daidai da tata.

"Auta, Mama ba tafiya ta yi ba. Mama ta rasu. Ba za ta dawo ba."

Duwatsun suka ɗauke lokaci guda. Kukan jirgi ya tashi daga tsakiyar ɗakin, ya ratsa ta tagar kwali, ya yi ta nisa har ya ɓace. Yaya ta yi atishawa sau uku, ta sulale daga kujerar, Malam ya tare ta. Ta buɗe ido, ta ce da ƙaramar murya, tata ta kanta, a ba ta ruwa.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta sa tafin hannunta tana goge wa ubanta hawaye.

"Ai na sani, Baba," ta ce. "Na ga lokacin da aka fita da ita. Ni da Yaya muka ce kar mu gaya maka."