Akwatin Tsarabar Larai

Duk wanda ya zauna a unguwar Ruwais ta birnin Jidda a shekarar 1964 zai shaida cewa aljani ya shiga gidan Usuman Na'ibi. Inda ya samu wurin tsayawa ne ba a taɓa bayyanawa ba, don gidan ɗaki biyu ne na katako da kwano, kuma akwati ya riga ya cinye rabin ɗaya.

Akwatin na Ingila ne, tsoho, katako mai duhu da nauyi, an ɗaure kusurwoyinsa da tagulla. In an buɗe shi ƙamshin kafur yake yi. Barakatu, matar Usuman, ta yi shekara tara tana wa wani Baturen kamfanin jiragen ruwa wanki, da zai koma ƙasarsu ya bar mata shi, ya ce na kakarsa ne. Shi kaɗai ne abin ado a gidan. An lulluɓe shi da mayafi, an jera finjalan shayi a kai, baƙi su shafa su ce masha Allahu. Ba a zama a kansa.

Abin da ke ciki kuwa na Larai ne.

Larai ce 'yarsu ta fari. Shekararta uku lokacin da suka bar Gumel a ƙasa da niyyar hajji. Ƙyanda ta kama ta ana gobe tafiya, Usuman ya ce a bar ta wurin kakarta, ai shekara biyu ce. Sudan kaɗai ta ci huɗu. Sauran Jidda ta cinye, shi yana dako a tashar jiragen ruwa, ita tana wanki, kullum ana cewa baɗi. Alhaji ba ya komawa gida hannu rabbana, balle uwar da ta bar 'ya a baya. Don haka kowace shekara sai Barakatu ta sayi wani abu ta ajiye. A ƙasan akwatin rigunan yara ne. A sama zannuwa, awarwaro, turare, har da majanyi, don a ƙiyasinta ya kamata a ce an haihu. Ba ta taɓa kiran sunan ba, saboda kunyar 'yar fari. "Ta gida" take cewa.

Ma'auninta Mastura ce, 'yar da suka haifa a Jidda. "Tsaya in gwada. Yayarki za ta ɗan fi ki tsawo." Haka Mastura ta kai shekara goma sha bakwai tana saka sababbin kaya na minti biyu.

A hajjin da ya gabata wani mutumin Gumel ya kawo wasiƙa da ajami. Idon Usuman ya yi rauni, sai ya kira Mastura ƙofar gida ta karanta masa. Haruffan Larabci ta iya, Hausa kuwa ta fi jinta a kan faɗinta. Ta dinga haɗa gaɓa da gaɓa da ƙarfi, har ta wuce layin kafin ma'anarsa ta cim mata. Larai ta rasu wurin haihuwa, da ita da ɗan. Usuman ya ɗauko Alƙur'ani ya sa ta dafa, ta rantse ba za ta faɗa wa uwarta ba. Ya ce zuciyar Barakatu ba za ta ɗauka ba. Mai yiwuwa ya gaskata hakan. Shi ne dai ya ce a bar Larai a Gumel tun farko.

Bayan wata takwas Barakatu ta ce ta yi magana da masu shirya komawar alhazai. Bana za ta tafi, ba baɗi ba, ita da akwatinta. Ta faɗa tana murmushi. Usuman ya ce Allah ya kai mu.

Washegari da magariba iskar teku ta tsaya cak. Ladan ya gama kira, zafin yini bai sauka ba, Barakatu na alwala, Mastura ta zaga baya kwaso shanya. Dutse ya faɗo kan kwano. Aka ɗan yi shiru, wani ya biyo, sai na uku, wanda ya gangara a hankali har ya faɗo kusa da buta. Usuman ya fita ya duba lungu. Babu kowa, sai akuyar maƙwabta, ita ma ba a taɓa saninta da jifa ba.

Kwana shida ana haka, kullum da faɗuwar rana. Maƙwabta suka ce sun ji kamar ana kuka a ɗakin akwati. Wannan ba abin musu ba ne, a ɗakin Mastura ke kwana.

A rana ta bakwai Barakatu ta shigo da sabuwar doguwar riga ruwan ganye, ta ƙarshe, wadda Larai za ta saka ta tare ta. Ta zura wa Mastura, ta durƙusa tana duba tsawo. Sai ta ji ƙafafun yarinyar sun ƙage. Mastura ta zube gefen akwati, finjalai suka tarwatse, idanunta suka juye, wata murya mai kauri ta fito daga ƙirjinta. Mata huɗu suka kasa danne ta.

Aka aika unguwar Kurayyat aka ɗauko Malam Haladu, Bahaushen Sudan, tsoho mai sanyin magana wanda ya shekara arba'in yana korar aljanu. Ya iso bayan la'asar ta washegari. Yana shiga ya dubi akwatin ya girgiza kai.

"Kayan Nasara. A ciki ya zo."

Ya zauna ya fara karatu, hayaƙin turare na tashi a hankali, hasken taga na raguwa. Ya yi nisa kafin Mastura ta miƙe zaune, har yanzu da koriyar rigar a jikinta, don ba wanda ya iya cire mata.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Ba ruwanka da sunana."

"Daga Ingila kake?"

"Aiwa."

Ya kamata a faɗa, don adalci, cewa wannan aljani da ya shekara ɗari a Ingila bai furta kalma ɗaya ta Turanci ba. Larabcin Jidda yake yi tsantsa, in ya juya Hausa kuma ta dinga ɗingishi.

"Me kake so ka fita? Farin zakara? Turare?"

"Ba na son zakara."

"To me?"

"A daina gwada kaya a jikin yarinyar nan. Halas, ya isa. Ta gaji da saka kayan matacciya."

Har matan da ke leƙe ta ƙofa suka daina raɗa. Malam Haladu ya sassauta murya.

"Wace matacciya?"

"Tambayi mai gida. Takarda na cikin layar da ke damtsensa." Muryar ta fara rawa, kaurin na zubewa. "Ita ta dafa Alƙur'ani. Ni ban dafa ba."

Malam bai waiwayi Usuman ba. Barakatu ce ta waiwaya, a hankali, kamar wuyanta na ciwo.

"Alhaji, da gaske ne?"

Usuman ya kai hannu ya riƙe damtsensa.

"Yaushe?"

"Kafin hajjin bara. Wurin haihuwa."

"Ɗan fa?"

Ya girgiza kai.

Barakatu ba ta yi ihu ba. Ta ɗora tafinta a kan murfin akwatin, ta ce, "Larai." Ta sake cewa, "Larai," kamar mai gwada ɗanɗanon abu. Shekara ashirin da tara ke nan da haihuwar yarinyar, ranar aka fara jin sunan a bakin uwarta.

Malam Haladu ba yaro ba ne. Ya dubi Mastura na ɗan lokaci, da irin kallon da ba a yi wa aljani, sannan ya ɗaga murya yadda na waje za su ji.

"An biya maka buƙata. Ka yi alkawari ba za ka dawo ba, ka fita ta yatsan ƙafa. Yalla."

Mastura ta yi atishawa sau uku, ta kwanta tana kuka da muryarta ta kullum. "Ummi," ta ce, "Ummi, ban san abin da na faɗa ba."

"Na sani," in ji Barakatu. Ta cire mata rigar da kanta, ta ninke.

Malam ya ba da shawarar a jefa akwatin a teku, don haka ake yi. Barakatu ta ce akwati bai yi mata laifi ba. Ta yi kwana uku tana karɓar gaisuwar da ta makara da wata takwas. A na huɗu ta buɗe shi, ta fito da kayan ɗaya bayan ɗaya, daga na mace mai goyo har zuwa na 'yar shekara huɗu, ta raba wa unguwa. Koriyar rigar kaɗai ta kai wa tela ya rage mata tsawo. Ba ta yi wa Usuman magana ba sai da azumi ya zo, shi ma don ta tashe shi sahur ne.

Ranar Juma'a ta farko bayan tafiyar malam, Barakatu ta dafa shinkafa da nama, ta zuba a kwanuka, ta fita da su ƙofar masallaci da kanta. Wata maƙwabciya ta tambaye ta ko sadakar mamaciya ce.

"A'a," ta ce. "Ta aljanin ce. Baƙo ne, ba shi da kowa a garin nan."

Kaffarar karya rantsuwa ciyar da miskinai goma ce. Kwanukan goma ne cif.