Iyakar da Ta Ƙi Tsayawa

Tun hantsi safiyo yake fama da filin da wa da ƙane ke rigima a kai. Na'urarsa mai aiki da tauraron ɗan'adam ba ta saba ƙarya ba, amma yau duk awo sai ta sauya iyakar. Gobe kuma kotu ke jiran rahotonsa.

Duhu ya shiga, ya gaji liƙis, sai ga wani tsoho tsaye gefen turkensa.

"Sannu, Baba. Ka san asalin iyakar nan?"

"Ɗana, je ka huta. Inda na tsaya, nan ce iyaka."

Tsohon ya matsa gefe, lambobin na'urar suka bi shi. Safiyo ya haska tocila. Ciyawar da tsohon ya taka ko kwantawa ba ta yi ba.