Ranar Juye

Tun safe Auta take kai-kawo tsakanin ɗakin mahaifiyarta da ƙofar gida, ta kasa zama. Ta san yau tirelar mijinta za ta shigo juyen baƙin mai a garejin Baba, mahaifinta, wanda katanga ɗaya ce ta raba shi da gidansu.

A wannan garejin suka haɗu. Dogo ake kiransa, direban kamfani ne mai yawan barkwanci. Duk lokacin da motar ta cika tafiyar da aka ƙayyade mata, dole ya dawo a juye mai, a canja filta, a sa giris, ya kwana biyu a gida. Haka suka fara zaman aure, kuma ba ta taɓa kuka da hakan ba.

Sai kamfani ya kawo sabon mai da ke daɗewa bai lalace ba. Tazarar juye ta ninka, zuwan Dogo gida ma ya ja baya. Ita ke jinyar mahaifiyarsa, ita ke fama da ƙannensa. Tana cikin haka cikinta na fari ya zube, yana can wata uwa duniya da kaya. Ta hana kowa ya faɗa masa a waya, don kada hankalinsa ya tashi yana riƙe da sitiyari. Da aka sallame ta daga asibiti, gidansu ta wuce.

Can sai ta ji ƙugin injin tirelar.

Bai tsaya an ɗora motar kan ramin juye ba, ya shigo gidan fuska a ɗaure. Ya riga ya biya ta gida, ya tarar da ƙanwarsa ce ke ba tsohuwa magani, ba wanda ya yi masa bayani. Ya gaida surukarsa a gurguje, sannan ya dubi Auta ya tambaye ta laifin da mahaifiyarsa ta yi mata da za ta tafi ta bar ta.

"Mama ba ta yi min komai ba," in ji ta.

"To ni ne?"

"Kai ma ba ka nan, balle ka yi min laifi…"

Ya fara lissafa mata cewa ba don daɗi yake kwana a hanya ba, nauyin gida duka a wuyansa yake. Ta bar shi ya gama, tana murza bakin mayafinta.

"Cikin ya zube, Direba. Ni kaɗai ce a ɗakinmu lokacin."

A hankali ya durƙusa nan bakin ƙofa, ya rufe fuska da hularsa. Ba ta taɓa ganin kukansa ba. Ya ce me ya sa ba ta kira shi ba. Ta ce tsoro ta ji, kada ta rasa biyu a lokaci ɗaya.

Ya daɗe a haka, sannan ya miƙe ya fita. Ta bi bayansa har ƙofar gareji.

Baba na cikin rami, baƙin mai na tsiyaya cikin daro. Dogo ya tsuguna ya tambaye shi ko har yanzu tsohuwar tifar kamfani, mai ɗiban yashi a cikin gari, ba ta da direba. Baba ya goge hannu, ya ce tifar hayaƙi take kamar murhu, albashinta kuma bai kai na tirela ba, ga tsohuwa ga ƙanne.

"Na sani, Baba. Za mu lallaɓa. Amma kullum zan kwana a gida."

Baba ya dube shi, ya dubi 'yarsa, ya ce zai yi wa manaja magana, ya koma ƙarƙashin mota.

Dogo ya juyo, idanunsa jajur.

"Ki yafe min, abar ƙaunata. Ba zan ce ki dawo yau ba, sai kin warware."

Auta ta share hawaye da bayan hannu. Ta tambaye shi ko Mama na cin abinci. Ya ce tun tafiyarta sai an yi da gaske.

"Jira ni in ɗauko jakata," in ji ta.