Mabiyiya a Kan Kasko

"Daƙiƙa sittin sun cika, Yesenia. Jaririn bai yi numfashi ba."

Muryar Efraín ce ta dawo da ni hayyacina. Jaririn roba na kwance a kan tebur, robar hura iska na gefensa ban ko taɓa ta ba. Abin da ke hannuna mabiyiyar ƙyalle ce da aka ɗaura wa cibiyarsa, na riƙe ta gam ina waige-waige kamar mai neman murhu.

Ni fa nas ce, shekarata huɗu a ƙaramin asibitinmu na Momostenango. Efraín kuwa likita ne daga birnin Xela, shi ke koya mana ceton jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba: a goge shi, a shafa baya, in shiru a ɗora masa robar kafin minti ɗaya ya cika. Kuma shi ne wanda iyayensa suka aiko gidanmu da kwandunan burodi da cakulan na neman aurena. Da ƙyar Mama ta karɓa. Ungozoma ce ta shekara talatin, ba ta ƙaunar likitocin birni.

Da muka fito sai ya riƙo hannuna, ya ce kar in damu, abar ƙaunarsa, don a kan roba ake so a yi kuskure.

Ka'idarsa ita ce a ɗauki kowa a bidiyo, sannan a zauna a kalla tare. Ba ya faɗa, ba ya cewa ka yi laifi, tambaya kawai yake yi. Marleny ce ta ba shi shawarar a nuna nawa ranar Alhamis, a taron ungozomomin ƙauye, wai zai fi shiga ransu. Marleny abokiyar aikina ce, ta daɗe tana kai masa shayi ba a aike ta ba. Sarai ta san Mama na cikin taron. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka taimako ne.

Ranar Alhamis suka cika ɗakin, su ashirin da wani abu, Mama a layin gaba ta naɗe hannu cikin mayafi. Efraín ya tsayar da bidiyon daidai inda na damƙi mabiyiyar.

"Na ga hannunki ya bar jaririn ya tafi nan," ya ce a hankali. "Me ke ranki a lokacin?"

Da ma tsawa ya yi mini, da na yi ƙarya na huta. Amma yadda ya tambaya, yana kallona da idon nan nasa, sai bakina ya kuɓuce.

Na ce wuta nake nema. A wurinmu in jariri ya zo shiru, ɗora mabiyiya ake yi a kaskon gashin masara ba a yanke cibiya ba, wai ɗumin zai bi ta ya tashe shi. Na ce ina da shekara sha uku ƙanwar babana ta haihu a gidanmu, ni aka sa hura wutar. Na hura har idona ya yi ja, yaron na kwance jikinsa na komawa shuɗi, ba wanda ya hura masa iska.

"Ya rayu?" wata tsohuwa ta tambaya daga baya.

"A'a..."

Ba wanda ya tambayi wace ce ungozomar. Kowa ya sani.

Mama ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta fita ba ta kalli kowa ba.

Washegari ta mayar da kwandunan Xela. Ta ce mutumin da ya sa 'yarta ta tsiraita ta a gaban sa'o'inta ba zai zama surukinta ba. Na durƙusa, na yi kuka har muryata ta dushe. Sau uku Efraín na zuwa, sau uku tana barinsa tsaye a ƙofa. Uwarsa da ma dalili take nema, ta ce ba a mayar wa gidansu kaya a sake ganin ƙafarsu.

Ya ce in biyo shi, a ɗaura ko ba yardar kowa.

"Masoyina, na riga na tozarta ta sau ɗaya," na ce. "Ba zan iya na biyu ba."

Ya nemi canjin wurin aiki zuwa Huehuetenango. Jaririn robar ya bar mini, da agogon da yake ƙirga mana daƙiƙu da shi. Ko Marleny ba ta samu komai ba, amma hakan bai sanyaya mini rai ba ko kaɗan.

Bayan wata bakwai, wata Laraba da hantsi, ina jera magani sai na ga Mama a ƙofar ɗakin horo. Tun ranar nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ta daɗe tana kallon jaririn robar.

"Jiya na karɓi wani jariri a gidan su Ixcoy," ta ce. "Kaskon ya yi zafi sosai, Yesenia. Bai tashi ba."

Ta ajiye mayafinta ta ce in nuna mata inda ake sa yatsu.

Na ɗora hannunta a kan robar hura iskar. Karon farko iska ta zurare ta gefe. Na ji bakina na tambayarta me ta gani, yadda shi yake tambaya. Ta gyara haɓar jaririn da kanta, ta matsa, ƙirjin roba ya ɗaga.

"Wa ya koya miki tambaya haka?" ta ce ba ta ɗago ba.

Na danna agogonsa, na ce ta sake daga farko.